Ushirin Mormon da Dukiyar da Aka Ɓoye

A watan Fabrairun 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci cocin Mormon da kamfaninsa na zuba jari, Ensign Peak, tarar dala miliyan 5, saboda fakewa da kamfanonin bogi 13 wajen ɓoye jarin da ya kai dala biliyan 32. Tarar ba ta taka kara ta karya ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne talakan cocin.

Ƙa'idarsu ita ce kowa ya ba da ushirin abin da yake samu. Wanda bai cika ba, babu shi babu shiga haikali, ko da auren 'yarsa ake ɗaurawa. To, mai karatu, dubi wanda ya shekara ashirin yana biya, sannan rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba shi da muhallinsa. Bishop na unguwa ya agaza masa da kayan abinci, ya yi godiya, daga baya ya ji abin da aka jibge. Yaya ba zai ce an ci amanarsa ba?

A 2021 James Huntsman ya nemi kotu ta sa a mayar masa da ushirinsa, bisa zargin da shi aka gina kasuwar City Creek. A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ribar jari aka kashe, babu yaudara. A shari'ance ban ga aibin hukuncin ba. Sai dai Huntsman attajiri ne; wancan bawan Allah ko kuɗin lauya ba shi da shi, kuma rabon cocin da bayyana wa mabiya cikakken lissafinsa tun 1959.