A Auna Hayaƙin Daga Bayan Uwa

Duk wanda ya shiga gidajen Hausawa a Maiwurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, ko a kambunan ma'aikatan gona na Jazira da hantsi, zai tarar da uwa durƙushe gaban murhu tana gasa gurasar kisra, goyo a baya, idon jaririn na zubar da ruwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 tukunyar gas ta gagari talaka, aka koma ga itace da gawayi da karan dawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000 a 2020, akasari ta hanyar ciwon haƙarƙari. To amma nawa yaron Jazira ke shaƙa? Rataye na'ura a bangon madafi ba ya ba da amsa, domin yaro ba ya zama wuri guda: yanzu yana baya, an jima yana hannun yayarsa a tsakar gida. Shi ya sa masu bincike a Gwatamala suka liƙa wa jarirai ƙaramin bututu a riga, mai sauya launi gwargwadon gubar hayaƙin da ya sha cikin kwana biyu. Ba ya bukatar lantarki, abin da ko a Wad Madani, babban birnin Jazira, sai an yi sa'a. Jami'ar Jazira ta saba tura ɗaliban likitanci ƙauyuka. Ya kamata ta haɗa su da wannan bututun, kuma a nemi yardar iyaye mata da Hausa.