Ɗakin Karatu Ko Tanderu?

A watan Maris da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, aka ba ni aji huɗu a wata makaranta. Ginin sabo ne fil, na bulo da siminti, an rufa kwano ba rufin ciki, tagogi biyu kuwa duk gefe guda. Da safe yaran nan sai ka ce wuta. Amma da rana ta take, sai gyangyaɗi, wannan ya kifa kai, wancan ya kifa. Na yi faɗa, na yi tsawa, har na sa wani ya durƙusa, abin da har yau ina jin kunyarsa. Ran nan na koma bayan aji na zauna bisa bencinsu minti goma. Kai jama'a! Ni ma da ƙyar na tashi. Ashe ba laifin yara ba ne, laifin wanda ya tsara ɗakin ne.

Abin da ya sa na tā da wannan magana, kwanan baya wurin cin abinci wani abokinmu ya yi ta dariya da ya ji akwai masu komawa jami'a bayan digirin farko, don su koyi tsara gini mai lafiya wanda ba ya shan wutar lantarki da yawa. Ya ce gini ai aikin birkila ne. To, malam, ga amsata.

Akwai wani mutumin Burkina Faso, Francis Kéré, wanda shi ma ya sha zafin aji irin wannan yana yaro. Ya tafi Jamus ya yi karatun tsara gini, tun bai gama ba ya gina wa ƙauyensu Gando makaranta a 2001. Da tubalin ƙasa ya yi ta. Kwanon kuwa bai ɗora shi kan bango ba, ya ɗaga shi sama bisa ƙarafa, ƙarƙashinsa ga rufin tubali mai ƙofofin iska. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta hau ta fice ta nan, mai sanyi ta shigo ta taga. Ba fanka, ba injin sanyi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, watau babbar kyautar masu tsara gini ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Kusa da gida kuma, Mariam Issoufou ta Nijar, wadda ta yi digirinta na biyu a Amurka, ita da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin littattafai, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, aka gama a 2018.

Wani zai ce, ashe sai mu koma soro mu huta. A'a, ba nan gizo ke saƙa ba. A Arewa, inda rana ke ƙuna dare ya yi sanyi, bango mai kauri yakan tare zafi har rana ta faɗi. Amma nan Kudu ga laima, ga ruwa, dare ma ba ya sanyi sosai. Abin da ake so iska ta ratsa ɗaki ta wuce. Wanda ya taɓa zuwa Jami'ar Ibadan ya ga bangaye masu huji huji da Maxwell Fry da Jane Drew suka tsara wajen shekarun 1950, dalilinsu ke nan. Sanin wane gini ya dace da wace ƙasa, da auna zafi da haske da yawan iskar da yaro ke bukata, wannan ba a samunsa da ka. Balle a ɗaki cunkus marar iska ne tarin fuka da sanƙarau ke jin daɗin yaɗuwa.

Sai dai ina da sharaɗi. Duk wanda Gwamnati za ta biya wa wannan karatu, kada a ba shi takardar shaida sai ya yi wata uku ƙarƙashin wani Sarkin Magina, ya san azara da makuba da bakan gizo, sa'an nan ya yi mako guda zaune a bencin baya na aji irin nawa, cikin bazara. In ya komo kuwa, a fara ba shi makarantun firamare kafin otal.

Ni dai sauran kwanakina a makarantar nan, da sha biyu ta buga sai in kwashi yarana mu koma gindin mangwaro. Hedimasta bai so ba, ya ce sufeto zai ga kamar ba mu da aji.