Hanya Mai Suna da Hanya Mai Lamba

Masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, yau muna so mu duba wani al'amari na tarihin ƙasar Amurka wanda ba a cika faɗinsa a aji ba, watau yadda aka fara manyan hanyoyin mota a can, da dalilin da ya sa aka kawar da sunayensu aka maye da lambobi. Har yanzu akwai masu ganin an yi ɓarna. Mu dai a namu ra'ayi an yi daidai, amma kafin mu faɗi hujja sai mu ba waɗanda suka fara aikin hakkinsu.

A farkon ƙarni na 20 motoci sun fara yawa a Amurka, amma da zarar mutum ya fita bayan gari sai ƙura da rani, taɓo in an yi ruwa. Ba kuwa alamar da za ta nuna masa inda ya dosa. A 1912 wani attajiri mai suna Carl Fisher ya kawo shawarar a yi hanya guda wadda za ta ratsa ƙasar daga teku zuwa teku. A 1913 aka kafa ƙungiya, aka raɗa wa hanyar sunan Abraham Lincoln, shugaban da ya hana ƙasar rabuwa a lokacin yaƙin basasa. Ta tashi daga Niyu Yok ta ƙare a San Faransisko, tsawonta mil 3,389.

Ƙungiyar ba ta da kuɗin gina hanya mai wannan tsawo. Henry Ford, babban mai ƙera motoci, ya ƙi ba da gudummawa, don a ganinsa yin hanya aikin Gwamnati ne. Sai suka yi dabara biyu. Ta farko, suka haɗa tsofaffin hanyoyin da ke akwai, suka bi falwayoyi suna shafa fenti ja da fari da shuɗi tare da harafin L, don matafiyi ya riƙa bi. Ta biyu, suka riƙa zuba siminti na mil ɗaya tak can cikin karkara, na farko a jihar Ilinoi a 1914. Manomin da ya sha wuya cikin laka, in ya hau wannan mil ɗaya sa'an nan ya koma cikin taɓo, ba ya bukatar a yi masa lacca. Gani ya kori ji.

Dabarar ta ci. A 1916 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta fara taimakon jihohi da kuɗin hanya. A 1919 ayarin motocin soja ya tashi daga Washinton zuwa San Faransisko, galibi ta hanyar Lincoln, bai isa ba sai bayan kwana 62, yana karya gadojin katako yana gyarawa. Cikin ayarin akwai wani hafsa, Dwight Eisenhower, wanda bayan ya zama Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar 1956 ta gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi.

To, ina aibin suna? Aibin shi ne kowa ya ga riba. Aka yi hanyar Dixie a 1915 daga arewa zuwa Miyami, aka yi ta Jefferson, aka yi waɗansu barkatai, har kafin 1926 hanyoyi masu suna sun haura 250. Sau da yawa hanyoyi da dama sukan bi turba ɗaya, falwaya guda ta sha fenti iri-iri, baƙo ya tsaya ya rasa wanne ne nasa. Abin da ya fi wannan muni, waɗansu ƙungiyoyi da kuɗin garuruwa suke rayuwa, saboda haka sai hanya ta karkata zuwa garin da ya biya, matafiyi ya yi zagaye ya ƙona mai a banza bai san dalili ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ran 11 ga Nuwamba, 1926, hukumomin hanya na jihohi suka amince da tsarin lambobi. Hanyar da ta miƙe gabas da yamma aka ba ta lamba mai rabuwa biyu daidai, wadda ta miƙe kudu da arewa aka ba ta mara rabuwa. Yawancin hanyar Lincoln ta zama lamba 30. Masu ƙorafi suka ce lamba ba ta da rai, ba ta tuna wa yaro da kowa. Wannan gaskiya ne. Amma mai tuƙi da dare cikin ruwa abin da yake nema ya isa masauki lafiya, lamba kuwa ba ta karɓar kuɗin wani gari ta karkatar da shi. Hanyar da jama'a duka suke biya da harajinsu, wajibi ne hukumar da za a iya tuhuma ta riƙe ta.

Sunan ma bai mutu ba. Ran 1 ga Satumba, 1928, 'yan sikawut suka kakkafa turakun siminti fiye da 2,000 a gefen hanyar don tunawa da Lincoln, waɗansu suna nan tsaye har yau.

Saboda haka muna roƙon malamai, in sun zo darasin taswira, su ba yara labarin mil ɗayan nan na siminti. Akawu kuwa, in takarda ta zo gabansa ana neman a karkata hanya ta bi ta wani gari, ya tambaya tukuna: matafiyi za ta amfana, ko mai roƙon?