Kafin mu zuba kuɗinmu a ƙwayoyin narkar da abinci

Jama'a, ƙwayoyin "narkar da abinci" da na "wanke jiki" sun cika tashoshin mota da zaurukanmu na WhatsApp, ga ɗan karen tsada. A ganinmu mai lafiya ba ya buƙatarsu. Jiki da kansa yake samar da sinadaran narkewa, tun daga yawun baki. Sinadaran kariyar da ake yi mana talla kuwa suna cikin gwanda, lemu, tumatir, zogale da zoɓo, da araha. Ƙwayar ma takan cutar: binciken ƙasar Finland na 1994 ya nuna beta-carotene ta ƙara kansar huhu ga mashaya sigari. Duk wanda kumburin ciki ya ƙi barinsa, ko yake ramewa, ya je asibiti a duba shi. Allah Ya ƙara mana lafiya.