Idan Mai Laya Ya Bar Duniya: Ƙa'idar Sihiri a Wasan Ƙaga Labari

A shekarar 1969, wato shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka sa ƙafa a duniyar wata, aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya. A cikinsa ne wani baƙo, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaron nan Kilba zuwa sararin samaniya. Ke nan adabin Hausa ba baƙo ba ne ga tafiya sama. Abin da marubutanmu ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne wannan: idan tauraron labari ya shiga kumbo da layarsa da gurunsa, me zai same su bayan an bar duniya? Za su ci gaba da ci, ko za su koma fata da zare kawai? Wani zai ɗauki tambayar a matsayin shiririta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, da wuya malamin Hausa ya sami tambayar da ta fi ta saurin koya wa ɗalibi cewa ƙagaggen labari yana da doka, kuma sihirin da ba shi da iyaka kashe labari yake yi.

Inda aka fi tattauna wannan tambaya shi ne wani nau'in wasa da ake yi a zaune, an kewaye tebur. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke bayyana wuri da abin da ke faruwa, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, ya faɗi abin da tauraronsa zai aikata. Idan abin mai haɗari ne sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita za ta nuna ko an dace ko an faɗi. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Idan aka duba da kyau, babu sabon abu a cikinsa ga Bahaushe sai haɗin gambizar: zaman tatsuniya ne aka gwama da kwaikwayon da yara ke yi a tashe, aka ɗora masa tsauraran dokoki irin na dara. Bambancinsa da tatsuniya shi ne masu sauraro suna da baki a labarin, don haka jagora ba ya iya yin rufa-rufa. Da zarar ya ce laya ta yi kaza jiya, sai an tambaye shi dalilin da ya sa ba ta yi yau ba.

Masu tsara irin waɗannan wasanni sun amsa tambayar ta hanyoyi mabambanta. A tsarin Spelljammer na 1989, mai sihiri kan zauna a wata kujera ta musamman, ƙarfinsa ne ke tuƙa jirgin, amma ranar da ya yi tuƙi ba ya iya wani siddabaru sai ya huta. Jirgin yana tafiya da iskar shaƙarsa kewaye da shi, tana gurɓacewa sannu a hankali, kuma akwai yankin da duk wanda ya kunna wuta a cikinsa ya jawo fashewa. A wasan Shadowrun kuwa, wanda shi ma ya fito a 1989, an ɗauka cewa masu rai ne tushen sihiri, saboda haka wanda ya yi nisa da duniya ya yi nisa da tushen, gwada sihiri a can ma neman halaka ne. Hanyoyin biyu sun saɓa, amma sun haɗu a wuri ɗaya: kowace ta faɗi inda ƙarfin ke fitowa, da abin da ake biya.

Bahaushe ya riga su sanin wannan. A al'adarsa babu maganin da ba shi da makari, kuma babu asirin da ake bayarwa ba tare da sharaɗi ba: kada a ci kaza, kada a ƙetare kaza, kada a waiwaya. A tatsuniyar Gizo da hankaki, aron fuka-fukai aka ba Gizo ya tashi zuwa bishiyar ɓaure a tsakiyar ruwa, da ya nuna haɗama aka karɓe abin aro aka bar shi can. Daɗin tatsuniyar duk yana cikin sharaɗin. Da fuka-fukan nasa ne na har abada, da babu labari. Bugu da ƙari, a tunanin gargajiya mutanen ɓoye suna da mazauni: kuka, tsamiya, gulbi, tsohuwar rijiya, kufai. Ƙarfin nasu na wuri ne. To, babu kuka a hanyar wata. Harshen ma kansa ya tanadar wa malami abin wasa, domin kalma ɗaya Hausa ke amfani da ita ga iskar da ake shaƙa da iskar da ake wa girka. Jagoran da ya sanar da ɗalibai cewa a sararin samaniya babu iska, ya bar su da gardamar wace iskar yake nufi, ya riga ya ci rabin darasinsa.

Gardamar takan yi armashi ne idan aka ɗauki asiran ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suke zuwa a labaran jarumta. Baduhu dai an ce duhu yake jefa wa idon abokin gaba; to mene ne amfaninsa a inda sama baƙa ƙirin take dare da rana? Layar zana tana ɓatar da mai ita, amma ɗalibi mai kaifin basira zai lura cewa wanda ya ɓace a cikin kumbo yana nan yana shaƙar iskar da aka auna wa matafiya, na'ura za ta tona shi. Kau-da-bara kuwa darajarsa ƙaruwa za ta yi, domin tsakuwar da ke gudu a falaki ta fi kibiya haɗari, sai dai a yi muhawara ko asirin da aka haɗa don jikin mutum ɗaya zai kare jirgi sukutum. Surkulle yana buƙatar murya, sauti kuwa ba ya tafiya inda babu iska, ke nan boka ya kurumce da zarar ya fita wajen kumbo. Turare yana buƙatar garwashi, kuma inda abubuwa ba su da nauyi hayaƙi ba ya tashi sama, harshen wuta ma dunƙulewa yake yi kamar ƙwallo. Mafi daɗi shi ne asirin da aka ce ana sabunta shi kowace fitowar rana. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke nisan kimanin kilomita 400, tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, mazaunanta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Shin mai asirin ya yi riba ninki 16, ko kuwa wahalarsa ce ta ninka? Duk amsar da ajin ya zaɓa daidai ce, muddin ya tsaya a kanta har ƙarshen labari.

Ga ɗaliban Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai misalin da ya fi kowane kusa, wato madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato. Ɗan manomin wannan yanki ba ya buƙatar a yi masa bayanin cewa ruwa yana da tushe, yana bin magudana, na kusa da babbar hanyar ruwa yana ƙoshi, na can ƙarshe yana jiran saura, wanda gonarsa ke tudu kuwa sai da inji da mai. A ɗauki duniya a matsayin madatsar, sihiri a matsayin ruwan. Matafiyin da ke kewaya duniya yana bakin magudana. Wanda ya kai wata, nisan kusan kilomita 384,000, ɗigo yake samu. Wanda ya wuce nan sai abin da ya ɗebo a gora, kuma kowane amfani ragi ne. Wannan tsari ya fi dacewa da aji, saboda yana tilasta wa tauraro yin tattali da zaɓi: ya kashe ragowar asirinsa don ceton abokin tafiya, ko ya adana don komawa gida? A irin wannan zaɓi ne halin tauraro ke fitowa, abin da ake ta fama a koyar a darasin zube da sunan fitar da halayen taurari.

Aiwatarwa ba ta buƙatar kuɗi. Rukuni na ɗalibai biyar ko shida, takarda guda da aka rubuta dokoki uku a kanta, sai jagora. Bayan minti ashirin kowa ya rubuta abin da ya faru da bakin tauraronsa. Malami zai tarar da insha'i shida a kan aukuwa ɗaya, kowanne da mahangarsa.

Akwai suka mai nauyi da bai kamata a raina ba. Iyaye a Zamfara za su iya cewa an kawo sihiri da caca cikin makaranta, alhali addini ya haramta su. Game da ƙwaya, gyaran mai sauƙi ne: babu kuɗi babu ci, kuma ana iya maye gurbinta da ƙuri'ar takardu masu lamba. Game da sihiri kuwa, Ruwan Bagaja da Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar 1933, cike suke da aljannu da abubuwan al'ajabi, an kuma karantar da su shekara da shekaru ba a ce an koyar da tsafi ba. Hasali ma wasan yana yin akasin abin da ake tsoro. Yaron wannan yanki ya tashi cikin shekarun rashin tsaro, ya san abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Jangebe a watan Fabrairun 2021, yana kuma jin ana zuzuta layu da gurayen 'yan bindiga kamar gaskiya ne tsagwaronta. Idan shi da kansa ya zauna ya ƙaga laya, ya yanka mata iyaka, ya ƙaddara ranar da za ta ƙi ci, to ya fara ganinta a matsayin abin da ɗan Adam ke shiryawa da bakinsa. Sharaɗi ɗaya ne a kan malami: kada ya kawo ainihin surkulle ko haɗin wani magani cikin aji, kuma ya sanar da shugaban makaranta abin da yake yi tun kafin labari ya isa gida ta bakin yara.

Kuskuren da sabon malami ya fi faɗawa shi ne tausayi. Kumbo ya lalace, gorar asiri ta ƙare, ɗalibai sun zuba masa ido, sai ya ƙago wani aljani ya cece su. Gara ya bar su cikin matsalar, ya buga ƙararrawa, su kwana suna neman mafita da dokoki ukun da suka rubuta da hannunsu.