Ina Kuɗin Jajiberin Sallah Yake Shiga?



Akwai wata magana da ta zama kamar azkar a bakin masu shagon gyaran gashi a Kano, daga Kabuga har Hotoro: "Babu kasuwa." Za ka ji ta a farkon azumi, ka ji ta a tsakiyar damina, ka sake jin ta a watan Satumba lokacin da iyaye ke fafutukar kuɗin makaranta. Idan shago ya mutu, ita ake ɗora wa alhaki. Mu kuwa ba mu yarda ba. Shirun kasuwa ba ya zuwa bagatatan, kowa ya san ranar zuwansa. Abin da ke kashe salun shi ne yadda ake yi da kuɗi a ranar da kasuwa ke ci.

Mu duba shekarar mai salun. A watan Sha'aban ana rububin ɗaura aure kafin azumi, amare da ƙawayensu sun cika benci. Azumi na kamawa sai ƙafa ta ɗauke kusan kwana ashirin. Goman ƙarshe kuma a koma kwana a shago, ana wankin kai, ana kitso, ana ƙunshi har asuba. Bayan ƙaramar Sallah bukukuwa su dawo, babbar Sallah ta zo ta wuce, daga nan sai dogon shiru. Ko ranakun ma ba a ɓoye suke ba, tunda shekarar Musulunci tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara: a 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, a 2025 aka ɗauka ranar 1 ga Maris. To wadda ke da kalanda a bango, ta yaya za ta ce shiru ya shammace ta? Manomi bai taɓa cewa rani ya zo masa ba zato ba, shi ya sa yake gina rumbu.

Matsala ta farko ita ce jaka ɗaya. Kuɗin shago da kuɗin cefane da kuɗin anko duk wuri guda suke kwana. A daren Sallah ciniki ya shigo, POS na ta ƙara, sai mai shago ta ɗauka duk riba ce. Ta manta a cikin kuɗin nan akwai na shamfu da man gashi da lallen da suka ƙare, akwai na fetur, akwai haƙƙin yaran shago, akwai kuma hayar da mai gida zai zo nema bayan wata biyar. Sai a shiga Kantin Kwari a ɗauko leshi, a yi gudummawar biki ta kece raini. Ranar da aka tashi sayen kayan aiki sai a tarar uwar kuɗin ma an cinye ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, to ita ta zubar da nata.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. A ce hayar shago naira 360,000 ce a shekara. Naira 30,000 ke nan a wata, kusan 1,000 a kowace rana, ko an taɓa kai ɗaya ko ba a taɓa ba. Duk wadda ba ta ware wannan dubun tana ajiyewa, tana ninkawa a ranakun rububi saboda ranakun da ba za a samu ba, bashi take ci daga hannun kanta. Mai shago ta yanka wa kanta albashi kamar yadda take yanka wa yaranta, ta tsaya a kansa. Sauran kuɗin na shago ne, ya zauna a asusunsa daban. Idan tana adashe, ta nemi ɗaukarta ta faɗo a watan biyan haya, ta daina kokawar karɓa ana gobe Sallah.

Matsala ta biyu ta fi ciwo, domin daga waje take shigowa: bashi. Hajiya, da ke muke. Kin zo a mota, an wanke miki kai, an busar da janareta, an yi wa 'ya'yanki uku kitso da ƙunshi, kin tashi kin ce, "Zan turo miki." Wata biyu shiru. Idan yarinya ta yi ƙarfin hali ta tuna miki, ki ce ba ta da kunya, ki koma wani shagon. Haka 'yan uwa da ƙawaye, su ne kan gaba wajen cewa, "Haba, ni ma sai na biya?" Ƙwarai kuwa, sai kin biya. Gidan mai ba ya ba ta fetur don ke ƙanwar mijinta ce. Kowa ya san daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000. Kan da aka busar bashi, daga aljihun mai shago aka busar da shi.

Mun san abin da za a ce mana: a wannan tsadar rayuwa, me ya rage da za a ajiye? Kuma kuɗin da aka ajiye ai narkewa yake yi. Gaskiya ne, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Amma wannan hujja ce ta a mayar da wani kaso na ajiyar ya zama kaya. A shiga kasuwar Sabon Gari lokacin da babu cunkoso, a sayi zare da shamfu da tawul da abin da ba ya saurin lalacewa, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa, kafin farashi ya yi tsalle gab da Sallah. Tsada dalili ce ta ƙara tsantseni, ba ta zama lasisin cinye jari ba.

Wasu kuma da shiru ya zo sai su karya farashi don jawo mutane. Wannan tarko ne. Idan kika rage kuɗin wankin kai alhali janareta na shan man da ya saba sha, aikin banza kike yi, kuma ranar da kika so mayar da farashi za a ce kin yi tsada. Gara a karkata ga aikin da ba ya cin wuta, irin su kitso da ƙunshi da dilka. Masu buƙatar injin busarwa a ware musu ranaku biyu a mako, a tayar da janareta sau ɗaya a sallami mutum biyar.

Sannan shiru ba hutu ba ne. Abin takaici ne ka leƙa shago ka tarar da 'yan mata huɗu sun miƙe ƙafa suna kallon TikTok tun safe har la'asar, alhali a cikinsu akwai wadda ta shekara ba ta iya tsaga mai kyau ba. Yanzu ne lokacin koyarwa, tunda a goman ƙarshe babu mai sararin nuna wa wani. Yanzu ne za a kai injin da ke tari wajen mai gyara, a wanke kayan aiki, a koyi sabon zanen lalle, a haɗa turaren wuta da humra a ajiye na sayarwa. A buɗe littafi a bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya. A kira iyayen amaren da aka sa bikinsu bayan Sallah, a tsayar da rana, a karɓi kafin alƙalami. Idan makarantun kwana za su koma, a sanar da iyaye ranar kitson ɗalibai.

Wannan sana'a ba ta wasa ba ce. Shago ɗaya yana iya ɗaukar nauyin bazawara da 'ya'yanta, ya biya wa ƙanne kuɗin jarrabawa, ya fitar da 'yan mata biyar da sana'a a hannunsu. Idan ya rufe, gidaje da yawa ne za su ji a tukunyarsu. Don haka mai shago ta sayi littafin naira ɗari biyar ta fara rubuta shiga da fita daga yau. Wadda kuma ta san sunanta na cikin masu "zan turo", ta ɗauki wayarta ta tura kafin ta kwanta.

Fili naku ne, 'yan uwa, musamman masu sana'ar da ke cikinmu. Sai mun ji daga gare ku.