Waiwaye: Yadda Aka Raba Maganin Sukari da Ƙarfen Rodiyam

A shekarar 1992 masanin sinadarai Roger Sheldon ya fito da wani lissafi da bai yi wa masu haɗa magunguna daɗi ba. Cewa ya yi a auna sharar da kowace masana'anta ke zubarwa a kan kilo ɗaya na kayan da ta sarrafa. Matatar mai, wadda kowa ke zagi, ko kusa da kilo ɗaya ba ta kai ba. Masana'antar magunguna kuwa, daga kilo 25 har sama da 100. Ashe masu farar riga su ne gwanayen ɓarna.

Da wannan lissafi ya kamata a dubi labarin Januvia, maganin ciwon sukari na kamfanin Merck, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006. Ƙwayar sinadarinsa tana iya fitowa da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu, kuma ɗaya kawai ake so. A wancan lokacin, domin a samu wadda ake so, sai an yi amfani da rodiyam, ƙarfe mai ɗan karen tsada da akasari daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, tare da iskar haidurojin da aka matse sosai a cikin tukwane na musamman. Bayan nan sai a koma tace ƙarfen da gawayi don kada ya bi magani zuwa cikin mara lafiya, a sake narkarwa, a sake tacewa. Kowane zagaye yana cin ruwan sinadari, yana kuma tafiya da wani ɓangare na maganin.

Merck ya haɗa kai da kamfanin Codexis na Kalifoniya, suka nemi enzaim, wato furotin da halittu ke hanzarta haɗuwar sinadarai da shi, ya karɓi aikin ƙarfen. Sun samo wani daga bakteriya, amma ko kallon sinadarin bai yi ba, domin gurbin da zai riƙe shi ya yi masa kaɗan. A nan kwamfuta ta shigo. Aka zana siffar enzaim ɗin a cikinta, aka gwada cusa ƙwayar sinadarin, aka ga daidai wuraren da take cijewa, aka san inda za a faɗaɗa. Da lalube aka bi, da an ƙarar da kaya masu yawa kafin a dace.

Sai dai masu kururuta kwamfuta sukan tsallake abin da ya biyo baya. Enzaim na farko da zanen ya haifar da ƙyar yake motsi. Sai da aka yi zagaye 11 ana sauya shi a ɗakin gwaji, ana zaɓen mafi ƙwazo, har sauye-sauyen suka kai 27. A ganina darasin yana nan: na'ura ta nuna inda za a taɓa, mutane suka yi guminsu, kuma tambayar da suka sa a gaba ita ce yadda za a hana dagwalon samuwa tun daga tukunya, ba yadda za a tace shi a bakin magudana ba.

Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2010, shekarar da kamfanonin biyu suka karɓi lambar yabo ta shugaban Amurka kan haɗa sinadarai ba tare da gurɓata muhalli ba. Rodiyam ya fita gaba ɗaya, tukwanen matsi ma haka. Maganin da ake samu ya ƙaru da kashi 10 zuwa 13 cikin 100, shara ta ragu da kashi 19. Ragi ne na gaske, amma kada a kai shi inda bai kai ba: kashi 81 na sharar yana nan.